Yarona ya zubar da fenariti, yau mako uku bai fito daga gida ba

Koci Gangare:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban cika sa baki ba, amma yau abin ya fi ƙarfina. Shekara 11 ke nan ina horar da yara a filin unguwarmu, kuma cikin duk waɗanda suka bi ta hannuna ban taɓa samun mai ƙafar wannan yaron ba. Ba zan faɗi sunansa ba, don wasunku sun san shi. Shekararsa 18, gaba yake bugawa, maraya ne, mahaifiyarsa ke sayar da abinci tana riƙe da su. A tirenin in na ba shi fenariti goma da wuya ya zubar da ɗaya. Amma duk ranar babban wasa, tun asuba cikinsa ke ruɗewa, ya yi ta zarya banɗaki, tafin hannunsa ya jiƙe sharkaf ko da a sanyin Disamba ne, wani lokaci har amai yake yi a bayan katanga kafin a busa usur. Ni kuma abin da nake ce masa bai wuce "kai ba namiji ba ne? Tashi mana" ba.

Mako uku da suka wuce muka kai wasan ƙarshe a gasar unguwanni. Aka tashi 1-1, aka tafi fenariti, na sa shi na biyar. Akwai wani mutum da ya zo daga Abuja yana duba yara, kuma yaron ya san dominsa ya zo. Ya ajiye ƙwallo, ko kallon gola bai yi ba, rafali na busawa ya ruga kamar ana korarsa, ya ɗaga ta sama. Muka rasa kofi. Tun daga fili aka fara yi masa ihu, wasu suka ce an saye shi, yara suka raka shi har ƙofar gida da waƙar zambo, wani kuma ya sa bidiyon a Facebook. Yau kwana 21 bai taka fili ba, ya kashe wayarsa. Mahaifiyarsa ta ce abinci sai ta matsa masa, dare kuma idonsa biyu. Don Allah me zan yi?

Ɗan Rikkos:
Wa alaikumussalam Koci. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ƙwallo ba wasan masu raunin zuciya ba ne. Mikel Obi ɗan garin nan na Jos ne, a nan ya tashi, ya buga wa Plateau United. A 2018 ana saura 'yan awoyi a buga da Ajantina a kofin duniya a Rasha aka kira shi aka ce an sace mahaifinsa. Bai faɗa wa koci ba, bai faɗa wa abokan wasa ba, ya ɗaura kambun kyaftin ya buga minti 90. Wannan shi ne namiji. Yaronka fenariti ɗaya ya zubar a gasar unguwa ya shige ɗaki? Ka bar shi, yunwa da talauci za su fito da shi.

Lamba Tara:
Yaya, ai Mikel da bakinsa ya ce a ruɗe ya buga wasan nan, hankalinsa ba a kwance ba. Kuma shirun da ya yi, masu garkuwar ne suka ce in ya faɗa wa hukuma za su harbe tsohon. Dole ce ta sa shi. Ba kuma karo na farko ba ne, a 2011 ma an ɗauke mahaifin a nan Jos. Ni ina buga ƙwallo yanzu haka, kuma abin da Koci ya bayyana, wallahi rabin 'yan ƙungiyarmu suna da shi. Bambancin kawai wasu suna rufe nasu da rabin ƙwayar tramadol kafin a shiga fili. Kowa ya sani, ba mai magana.

Na Farin Gada:
Koci ka bincika dai. Yaro mai ci tara cikin goma ya zo ranar da arzikinsa zai buɗe ƙafa ta ƙi? Akwai hannu a ciki. A kai shi a yi masa rukiyya.

Sista Bukuru:
Sannu Koci, Allah ya saka maka da ka damu har ka tambaya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina ganin abu biyu ne ka haɗa a labari ɗaya, gara a raba su.

Na farko, ruɗewar ciki da gumi da amai kafin wasa. Wannan ba cuta ba ce, ba kuma ragwanci ba ne. Idan ƙwaƙwalwa ta hango abin da take ɗauka haɗari, jiki yakan saki sinadarin adiranalin. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, jini ya bar hanji ya koma cinyoyi da damatsa domin gudu ko faɗa. Shi ya sa ciki ke juyawa, baki ya bushe. Jiki bai san bambancin kura da 'yan kallo dubu ba. Haka nake ganin manyan mutane da gemunsu suna rawar jiki a ƙofar tiyata.

Na biyun shi ne ya fi tayar min da hankali. Mako uku ba barci, ba cin abinci, ya daina abin da ya fi so a duniya, ya yanke hulɗa da kowa. Mu a asibiti idan irin waɗannan alamu suka wuce mako biyu a jere, mukan fara tunanin ciwon damuwa mai tsanani. Ban ce shi ke gare shi ba, ban gan shi ba. Amma ya kai a duba. Kuma ƙanena Lamba Tara, tramadol ba ya cire tsoro, rufe shi yake yi, yana sa farfaɗiya idan aka sha da yawa, yana kama mutum ya kasa bari. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Duk mai mafarkin fita waje ya san wannan.

Malam Unguwar Rogo:
Bismillah. Ɗan'uwana na Farin Gada, addu'a ba ta da lokacin da ba a yin ta, kuma rukiyyar da ta dace da shari'a ba laifi ba ce. Amma mu ji tsoron Allah wajen saurin cewa an yi wa wane asiri, don daga nan sai a fara zargin abokin wasansa ko maƙwabci, a shuka gaba a unguwa.

Sai kai Ɗan Rikkos. Wa ya gaya mana namiji ba ya jin tsoro ko baƙin ciki? Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Musa, ranar da ya tsaya gaban matsafan Fir'auna a bainar jama'a, ya ji tsoro a ransa har Allah ya ce masa kada ka ji tsoro. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma yana yawan neman tsarin Allah daga damuwa da baƙin ciki. Wane ne a cikinmu ya fi waɗannan mazantaka? A yi wa yaron addu'a, a kuma kai shi wurin masu ilimin abin. Ɗaure raƙumi ake yi sannan a yi tawakkali.

Ɗan Rikkos:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan. Amma batun kai yaro wurin likitan ƙwaƙwalwa a kan ƙwallo, a nan ne ban yarda ba. Kun san garin nan. Ranar da aka gan shi a wannan layin na asibiti, sunansa ya zama mahaukaci har ya mutu, ko mata ba za a ba shi ba. Muna so mu gyara ƙafa mu karya wuya.

Ɗalibin Jami'ar Jos:
Ina aji uku a sashen nazarin halayyar ɗan Adam, ga ɗan abin da zan ƙara. Koci, wani abu a labarinka ya ja hankalina: ka ce bai kalli gola ba, kuma ana busawa ya ruga. Akwai wani masani ɗan ƙasar Norway, Geir Jordet, da ya zauna ya bi bidiyon bugun fenariti na gasar kofin duniya da na nahiyar Turai na shekaru masu yawa. Ya gano cewa masu gaggawar bugawa da zarar an busa sun fi zubarwa a kan masu ɗan tsayawa, kuma da yawa daga cikin masu jin nauyin abin sukan juya wa gola baya don kada su haɗa ido. Mutum so yake azabar ta ƙare, ba cin ƙwallon ne a gabansa ba. Ya kuma gano cewa wanda zai buga alhali in ya zubar an fitar da ƙungiyarsa ya fi zubarwa nesa ba kusa ba a kan wanda in ya ci an yi nasara. Tazarar dai mita 11 ce a duka biyun, ragar ma ita ce.

Dalili shi ne, ƙafar da ta yi abu sau dubu ta riga ta haddace shi, ba ta buƙatar umarni. Idan fargaba ta zo, sai mutum ya koma sa wa ƙafarsa ido, yana tunanin ina zan taka, da wane gefe zan buga, sai abin da yake yi cikin sauƙi ya dagule. Kamar mai tuƙa babur ne a ce ya riƙa lissafa kowane motsin hannunsa a tsakiyar kasuwar Terminus.

Kuma ana koyon maganinsa kamar yadda ake koyon bugun kwana. Ingila ta sha kashi a fenariti a kofin duniya na 1990 da 1998 da 2006. Kocinsu na 2018, Gareth Southgate, shi kansa ya zubar a 1996 da Jamus a Wembley. Da ya karɓi ƙungiya sai suka yi aiki da masaniyar halayyar ɗan Adam, Pippa Grange, suka riƙa gwada fenariti bayan an gaji, kowa da tsarin da zai bi daga tsakiyar fili har ya buga. Suka fitar da Kolombiya a fenariti a shekarar.

Koci Gangare:
Ɗana, to a aikace me zan canza? Mu ba mu da masaniya, ko ruwan leda wani lokaci ni ke saye daga aljihuna.

Ɗalibin Jami'ar Jos:
Ba ya cin kuɗi Koci. Fenaritin da yake ci tara cikin goma, a wane hali yake bugawa? Da safe, ba kowa, ba abin da zai rasa. Ka mayar da shi ƙarshen tirenin lokacin da ƙafa ta yi nauyi. Ka tara yaran unguwa a bayan raga su yi ta ihu. Kowa bugu ɗaya tak, kuma ya tako daga tsakiyar fili shi kaɗai, don wannan tafiyar ita ce ke cinye mutane. Ya zaɓi kusurwarsa tun kafin ya taso, kada ya canza. In an busa, ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake shi a hankali yana ƙirga shida ko takwas, don fitar da numfashi a hankali na rage gudun zuciya. Ya kafa ido a inda yake so ta shiga, sannan ya taso. Kullum haka, har ya zame masa jiki. Kuma ka gaya masa bugun zuciyar nan jikinsa ne ke shiri, ba alamar zai faɗi ba ce. Amma duk wannan sai ya dawo fili. Maganar Anti Sista ita ce gaba.

Baba Tsohon Gola:
'Ya'yana, jikata ce ke rubuta min, idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Na haura 70. Ina saurayi lokacin da Mighty Jets ta ɗauki kofin lig na ƙasa na farko a 1972, garin nan kamar zai tsage. Ni ban kai matsayinsu ba, a ƙananan ƙungiyoyi na tsare raga shekara 14.

Akwai ranar da wata ƙwallo mai sanyi, wadda ko jikata za ta kama, ta bi ta tsakanin ƙafafuna a wasan kusa da na ƙarshe. Aka laƙaba min suna a kan wannan ƙwallon. Sunan ya bi ni kasuwa, ya bi ni wurin ɗaurin aurena. Na yi wata biyu ban kwana ba sai na ga ƙwallon nan tana tahowa. Ban gaya wa kowa ba, don a zamaninmu wa za ka gaya wa? Sai na koma shan abin da bai kamata ba don in samu barci, na yi shekara shida a ciki. Matata ta sha wahalata, Allah ya jiƙanta, ta rasu ban taɓa gaya mata mafarin abin ba. Tana tsammanin ita ce ba ta iya zama da ni ba.

Ɗan Rikkos, ka ce yunwa za ta fito da shi. Ni ma na fito ai. Kowa ya ga na fito, ina dariya a majalisa. Fitowa ba ita ce warkewa ba, ɗana. Kocinmu na lokacin mutumin kirki ne, amma bai taɓa tako ƙofar gidanmu ba. Da ya zo sau ɗaya ya zauna a kan tabarma ya ce min "kai ne golana gobe", ina jin da rayuwata ta bi wata hanya. Koci, kada ka aika yaro, kada ka kira waya. Ka je da ƙafarka.

Lamba Tara:
Allahu akbar. Baba, Allah ya ƙara lafiya. Jikina ya yi sanyi.

Hajiya Maman Abba:
Baba ya taɓo inda yake mana ciwo mu mata. Ku maza kuna cewa kuna daurewa, amma a gida ake sauke dauriyar. Mutum ya shigo fuska a murtuke, a tambaye shi ya ce ba komai, sai tsawa a kan gishirin miya, sai dukan yaro a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ɗana yana buga ƙwallo, ranar da suka sha kashi tun daga yadda ya turo ƙofa nake ganewa. Kuma ku tuna wannan yaron ba fenariti kawai ya ɗauka ya nufi raga da shi ba. Ya ɗauki kuɗin hayar uwarsa, da makarantar ƙannensa, da duk "in ka fita waje ka tuna da mu" da aka yi ta gaya masa tun yana ɗan shekara 14. Kowa na nuna masa Ahmed Musa yana cewa ga ɗan Jos da ya fitar da gidansu. Wace ƙafa ce ba za ta yi nauyi ba? Koci, in ka je ka fara da uwar, ita ma tana buƙatar a ce mata ba ta yi asara ba.

Sista Bukuru:
Hajiya kin gama magana. Ɗan Rikkos, tsoron da kake ji na sunan mahaukaci gaskiya ne, ina ganinsa kullum, shi ke sa mutane ba sa zuwa sai abu ya lalace. Amma ba a layin masu taɓin hankali ake farawa ba. Likita na yau da kullum zai fara ganinsa, ya tambaye shi barci da ci, in ya ga da buƙata ya tura shi sashen da ya dace, akwai shi a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Da yawa magana ce kawai ake yi da su, ba a ba su ko ƙwaya ɗaya. Ƙasar nan ma ta sauya doka, a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 wadda ke kallon mai wannan lalura kamar wanda za a kulle kawai.

Ɓoyewa ita ce mai kisa. Robert Enke golan Jamus ne, yana kan ganiyarsa, ana sa ran zai je kofin duniya na 2010. Ya yi shekaru yana ɓoye ciwon damuwa don tsoron kada a sani ya rasa matsayinsa. A Nuwamban 2009 ya kashe kansa yana da shekara 32. Koci, in ka zauna da yaron, ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa jin gara ma ba ya raye. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Na Farin Gada:
Na ji bayanin Malam, na janye maganar hannu. Amma mu 'yan kallo fa? Mu ne muka yi wa Sani Kaita barazanar kisa a 2010 saboda jan kati a wasan Girka. Mu ne muka sa Alex Iwobi ya goge hotunansa a Instagram bayan Kodebuwa ta ci mu 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Fabrairun 2024, har sai da Ahmed Musa ya fito ya roƙi a daina. Rashidi Yekini da ya ci mana ƙwallon farko a kofin duniya a 1994, a kaɗaice ya ƙare rayuwarsa a Ibadan a 2012. Wanda ya sa bidiyon yaron nan, in yana cikin zauren nan, ya ji tsoron Allah ya cire.

Ɗan Rikkos:
Baba, na ji maganarka, kuma ban da bakin musa ta. Amma abu ɗaya ba zan janye ba: in ya dawo, Koci ya sake ba shi fenariti, kuma na biyar ɗin. In aka ɗauke masa, an tabbatar masa da abin da 'yan unguwa ke faɗa. Ku tuna Yakubu Aiyegbeni da Koriya ta Kudu a 2010, ya zubar da ƙwallo raga a buɗe, duniya na kallo. Bayan 'yan mintoci aka samu fenariti, shi ya ɗauka ya buga ta shiga, aka tashi 2-2. Ni ɗan dambe ne a da. Wanda aka kayar ba a barinsa ya daɗe bai koma fage ba. Kuma abin da ɗalibi ke kira tsari, mu muna da shi tun kaka da kakanni: ka ɗaure hannu yadda ka saba, makaɗi ya kira ka, ka yi kirarinka, ka zagaya fage. Kafin ka gama, rawar jiki ta koma ƙarfi.

Ɗalibin Jami'ar Jos:
Wallahi Yaya wannan misalin na dambe ya fi duk abin da na faɗa. Inda na saɓa da kai shi ne na biyar ɗin nan take. Yakubu ƙwararre ne da ya shekara yana buga gasar Firimiya, kuma shi ya miƙa hannu ya ɗauka. A bar yaron ya hau tsani: tirenin, wasan sada zumunci, sannan gasa. Ranar da ya ce "Koci ba ni", a ba shi.

Baba Tsohon Gola:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, amma kuna gardamar sirdi doki na kwance. A fara tayar da shi.

Koci Gangare:
Jama'a na dawo, na gode ƙwarai. Jiya bayan la'asar na je. Na fara gaisawa da mahaifiyarsa kamar yadda Hajiya ta ce, ta yi kuka sosai. Shi kuma na same shi kwance, ɗaki a rufe, ya rame. Mun fi minti 20 ba wanda ya ce uffan. Sai na ce masa ni na zo ba da haƙuri, don shekara uku ina ganin yana amai kafin wasa ban taɓa tambayarsa me yake ji ba, sai gori. Ya juya fuska bango. Can ya ce, "Koci, tun daga tsakiyar fili ban ji ƙafata ba, Mama kawai nake gani." Daga nan ya yi ta magana har aka kira magariba.

Anti Sista, na yi masa tambayar. Ya ce bai yi tunanin cutar da kansa ba, amma yakan ji da ma barci ya ɗauke shi kada ya farka. Na gaya wa mahaifiyarsa, ƙaninsa zai riƙa kwana tare da shi, kuma ya yarda gobe Litinin mu je asibiti, da sharaɗin a babur ɗina za mu tafi ba wanda zai sani. Fili kuwa ya ce bai shirya ba. Na ce ba komai, rigarsa na nan ba wanda zai sa.

Sista Bukuru:
Ka yi daidai Koci. Wannan maganar ta barci ka faɗa wa likita ita yadda ya faɗe ta, kada ka rage. Ku fita da wuri saboda layin kati, kuma ya ci wani abu kafin ku tafi. In wani abu ya canza cikin dare kada ku jira safiya.

Baba Tsohon Gola:
Koci, ka tambaye shi ko zai yarda wani tsoho ya zo gaishe shi ranar Laraba. Ba zan yi masa wa'azi ba, labarin ƙwallon da ta bi ta ƙafafuna zan ba shi. Jikata za ta turo maka saƙo ta gefe, sai ka kwatanta mata gidan.